Ɗan Kinkinau da Ƙofar Tsangayar Injiniya

Gabatarwa

Wata rana da la'asar, cikin watan Mayu na shekarar 2025, na je gai da goggona a Kinkinau, unguwar nan da ke maƙwabtaka da Unguwar Mu'azu a cikin garin Kaduna. Ko ruwa ban gama sha ba sai ɗanta, wanda yake ajin ƙarshe na sakandare, ya miƙo mini wayarsa ya nuna mini wani saƙo, ya ce, "Yaya, maki 213 na samu. Kana ganin za su ɗauke ni injiniya a Samaru?" Kafin in buɗe baki sai Goggo ta karɓe zancen daga bakin murhu, ta ce, "Ai kai da kake cikin jami'a sai ka nemo masa hanya. An ce abin sai da sanayya."

Na daɗe ina juya waɗannan maganganu guda biyu a zuciyata. Yaron nan tun yana ɗan shekara 12 yake zuwa garejin wani mai gyaran janareta bayan an tashi daga makaranta, kuma duk layinsu babu wanda bai san hannunsa ba. In da a ce basira ce kaɗai ake aunawa, da ban yi wata-wata ba wajen ce masa zai samu. Amma na san ba zai samu ba, kuma na san ba rashin hanya ne zai hana shi ba. Abin da nake so in nuna a wannan ɗan rubutu shi ne, rabon yaro irin wannan da gurbin karatun injiniya ba ranar jarrabawa ake yanke shi ba, an riga an yanke shi shekaru uku ko fiye kafin ranar, a cikin ajin da ya zauna da harshen da aka yi masa bayani da shi. Sa'an nan ina so in nuna cewa mu ɗaliban Hausa da malamanmu muna da namu kason a cikin wannan al'amari, ko da yake mun saba ganin kamar ba ruwanmu.

Yadda Ƙofar Take

Bari mu fara da duban ita ƙofar kanta. Tun daga shekarar 1978, lokacin da aka kafa Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, watau JAMB, ta hannunta ake shiga jami'o'in Nijeriya. Mai neman karatun injiniya dole ne ya zo da kiredit biyar daga jarrabawar ƙarshe ta sakandare, waɗanda suka haɗa da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Waɗannan darussa huɗu su ne kuma zai rubuta a jarrabawar JAMB, inda ake ba shi tambayoyi 180 ya amsa cikin awa biyu, jimlar maki kuwa 400. Tun daga 2015 a kan kwamfuta ake yin jarrabawar baki ɗaya, an daina ta takarda da fensir.

A sakamakon farko da hukumar ta fitar a 2025, fiye da mutum miliyan 1.9 ne suka zauna jarrabawar, kuma fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 ba. Waɗanda suka kai 250 zuwa sama ba su cika 5 cikin 100 ba. Gaskiya ne daga baya hukumar ta amsa cewa an sami tangarɗar na'ura wadda ta shafi kusan mutum 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, har aka sake musu jarrabawa, amma wannan bai shafi Kaduna ba. Ke nan ɗan goggona da makinsa 213 ya wuce mafi yawan waɗanda suka zauna tare da shi, kuma ya yi wa maki 150 ɗin da aka tsayar a shekarar a matsayin mafi ƙarancin abin da jami'a za ta karɓa fintinkau. Nan ne iyaye da yawa suke ruɗewa. Shi wannan maki 150 ƙofar zaure ce kawai. Kowace jami'a tana da nata ma'aunin, kowane sashe kuma yana ɗauka ne daga sama zuwa ƙasa har gurabensa su cika. Likitanci da injiniya da aikin lauya su ne inda masu manyan maki suke yin cincirindo, saboda haka layin yakan yanke tun bai iso kan irin su ɗan goggona ba.

Wani zai ce, to ina amfanin kason da aka ware wa Arewa? Tsarin da jami'o'in Tarayya suke bi shi ne kashi 45 cikin 100 na gurabe bisa cancanta zalla, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'a take yi wa hidima, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ce an bar su a baya wajen ilmin zamani, Kaduna tana ciki. A takarda wannan abin farin ciki ne. Amma yankin Jami'ar Ahmadu Bello jihohin Arewa ne baki ɗaya, ba Kaduna kaɗai ba, kuma a cikin kowane kaso mai maki da yawa shi ake fara ɗauka. Watau shi kason yana kare ɗan Arewa daga gasa da ɗan Kudu, amma ba ya kare ɗan Kinkinau daga ɗan unguwar masu hali wanda ya yi makarantar kuɗi, yake da malamin Fiziks da ke bin sa har gida. Jiharsu ɗaya, kasonsu ɗaya, amma ba daga wuri ɗaya suka fara tseren ba.

Game da batun hanya kuwa, ba zan ce babu alfarma a ƙasar nan ba, domin wanda ya faɗi haka ya san bai faɗi gaskiya ba. Sai dai tun da JAMB ta fito da tsarin tantance ɗauka ta kwamfuta a 2017, wanda ake kira CAPS, duk sunan da jami'a ta ɗauka sai ya bi ta gaban hukumar. Hanyar ta ƙuntata. Abin da ya fi damuna da zancen hanya shi ne yadda yake sa iyaye su yi barci shekara shida, sa'an nan su farka suna neman wasiƙar wani babba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda Aka Baro Shiri

Da na zauna da yaron na yi masa tambayoyi, sai na gane inda ruwa ya yi tsami. A makarantarsu, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ya shekara guda cur a babbar sakandare ba su da malamin Fiziks, sai ɗan bautar ƙasa da ya zo ya yi 'yan watanni ya tafi. Ɗakin gwaje-gwaje yana nan da sunansa a jikin ƙofa, amma sai ana saura mako biyu jarrabawar gwaji aka buɗe shi, aka nuna musu kayan da za su gani. Yaron da zai auna lilon ƙwallon ƙarfe da agogo, ko ya ɗiga sinadari cikin sinadari har launi ya sauya, bai taɓa riƙe kayan da hannunsa ba sai ranar da za a ba shi maki a kai. Su 80 da wani abu ne a ajinsu. Kwamfuta kuwa, in ban da kwana uku da ya biya kuɗi a wani shago aka nuna masa yadda ake matsa amsa, bai taɓa zama gabanta ba. Ya gaya mini tambayoyin Lissafi goma sha wani abu ya bari bai taɓa ba lokaci ya cika.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. Lokacin da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, gwamnati ta sayo injuna da kayan koyar da fasaha daga ƙasashen waje domin ƙananan sakandare, da yawansu kuwa a cikin akwatunansu suka lalace, saboda babu wutar lantarki, babu ɗakunan sa su, babu malaman da suka san kansu. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 daga cikinsu ba su ci ba, ta sallame su. An yi ta jayayya a kan adalcin wannan mataki, kuma ba shi ne abin da nake magana a kai ba. Abin lura a nan shi ne, a daidai wannan lokaci ɗan goggona yana tsakiyar firamare, watau shekarun da ake kafa harsashin Lissafi. Wanda bai iya raba lamba da kyau a aji 5 ba, ba zai iya warware lissafin gudun mota a sakandare ba, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa.

Sa'an nan akwai wata cuta da mu da kanmu muke sayo wa 'ya'yanmu, watau makarantun nan da ake biyan kuɗi a rubuta wa yara amsa a allo ranar jarrabawar ƙarshe. Yaro ya fito da kiredit tara, uba ya yanka kaza, a je JAMB a dawo da maki 140. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ma ya tsallake da irin wannan takarda ya shiga Tsangayar Injiniya, karatun shekara biyar ne a gabansa, kuma Lissafin shekarar farko yakan tona asirin kowa.

Ba wai ba a san maganin ba ne. A 1977 Jihar Kano ta kafa hukuma ta musamman domin sakandaren kimiyya, ta buɗe guda biyu a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Aka riƙa zaƙulo yara ta hanyar jarrabawa daga sauran makarantun jihar, ba tare da duban ɗan wane ba, aka ajiye su a makarantar kwana, aka ba su ɗakunan gwaji masu aiki da malamai ƙwararru. Daga baya aka buɗe wa 'yan mata tasu. Duk wanda ya san asibitoci da ma'aikatun Kano da Jigawa ya san yawan likitoci da injiniyoyin da suka fito daga waɗannan makarantu, kuma da yawansu 'ya'yan manoma ne. Ba a rage musu maki ba, shirya su aka yi har suka kai makin. Wannan shi ne bambancin da ke tsakanin kaso da tanadi. Kaso yana raba gurabe ga waɗanda suka riga suka iso bakin ƙofa, tanadi kuwa shi ke kawo yaro bakin ƙofar.

Batun Harshe

Yanzu na zo kan abin da ya shafe mu kai tsaye. Cikin tsofaffin tambayoyin da yaron yake bita, na ga wata da ya faɗi har sau biyu, wadda take magana a kan abin da Turawa suke kira "moment". Na tambaye shi me kalmar take nufi, ya ce, "Ɗan lokaci kaɗan, Yaya." Haka ne a Turancin yau da kullum, amma a Fiziks ba haka ba ne. Da taimakon wani abokina mai karatun kimiyya, sai na ce masa, "In noti ya cije a gareji, me kuke yi?" Ya ce, "Sai mu zura wa sifana bututun ƙarfe mu ƙara mata tsawo." Na ce, "Don me?" Ya ce, "In ta yi tsawo ba ta cin ƙarfi." Abokina ya ce masa to ai tambayar ke nan, ƙarfin da ka sa, sau nisan hannunka daga notin, in ka ninka tsawon, rabin ƙarfin ya ishe ka. Yaron ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Wai dama wannan ne?" Shekara biyar yana aiki da wannan ƙa'ida da hannunsa, shekara uku yana haddace ta da baki, amma ba wanda ya taɓa gaya masa abu ɗaya ne.

Masana sun daɗe da sanin wannan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka soma wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi. Sakamakon ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. A ƙarshen 2022 gwamnati ta amince a kai wannan har ƙarshen firamare, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke manufar da komawa ga Turanci, bisa hujjar cewa yara suna faɗuwa jarrabawa a wuraren da aka rungumi harshen gida. A ganina an yanke wa manufar hukunci ne tun ba a gwada ta ba. Ina littattafan? Ina malaman da aka horar? Abin da ke faruwa a ajujuwan unguwanninmu ba koyarwa da Hausa ba ne, kuma ba koyarwa da Turanci ba ne. Malami ne yake kwafe Turancin da ke cikin littafi a allo, ya yi tsawa da Hausa, yara su haddace.

Na san za a ce mini jarrabawar da Turanci ake yin ta, littattafan injiniya da Turanci suke, saboda haka duk mintin da aka kashe wajen bayani da Hausa an rage wa yaro Turanci ne. Wannan magana tana da nauyi, kuma ni ban ce a jefar da Turanci ba. Wanda zai zama injiniya a Nijeriya dole ya iya shi sosai. Abin da nake cewa shi ne fahimta ita ce gaba, suna ya biyo baya. Yaron da ya gane abu da harshensa, laƙaba masa sunan Turanci aikin minti biyar ne, wanda kuwa ya haddace sunan bai gane abin ba, da an juya tambayar ya ɓata. A ƙasar Indiya, inda fiye da mutum miliyan guda suke neman shiga kwalejojin injiniya na gwamnati kowace shekara, tun daga 2021 ake yin zagayen farko na jarrabawar cikin harsuna 13, kuma ba a ji an ce injiniyoyinsu sun ragu da daraja ba.

To a nan ne ya kamata mu dubi kanmu. Kalmar "ƙarfi" a Hausar yau da kullum tana ɗauke da abubuwa uku ko huɗu waɗanda Fiziks ya rarrabe su, kowanne da ma'auninsa. Wa zai zauna ya tsara wa kowanne sunansa in ba mu ba? A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, kuma da shi muke cin abinci har yau a wannan fanni. Albarkacin irin wannan aiki ne muke iya tattauna ginin jimla da tsarin sauti da Hausa tsantsa. Abin da aka yi wa nahawu ana iya yi wa Fiziks da Kemistiri na sakandare. Kowace shekara muna rubuta kundayen digiri a kan makaɗa da karin magana da al'adun aure, kuma duk suna da amfani. Amma ina roƙon malamanmu su duba, ko ba za a ware wasu ɗalibai su je Panteka da garejin makanikai su tattaro kalmomin da masu walda da masu naɗin waya suke amfani da su ba, sa'an nan a zauna da malaman kimiyya a tace su, a fitar da 'yan ƙananan littattafai na bayani?

Sauran Ƙofofi

Kafin a kai ga wannan, yaron da ke riƙe da maki 213 yana bukatar amsa yau. Abin takaici ne a ce yaran Kaduna ba su san abin da ke garinsu ba. Daga Kinkinau zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Tudun Wada tafiyar 'yan mintoci ce, kuma wannan makaranta tun 1956 take koyar da fasaha, kafin ma a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Hukumar da ke kula da ilmin fasaha a ƙasar nan baki ɗaya, wadda aka kafa a 1977, a Kaduna hedikwatarta take. Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama da ke Mando ta soma ba da digiri tun 2018, kuma tana ɗaukar farar hula. Wanda ya yi ƙaramar difloma ta shekara biyu ya fito da sakamako mai kyau yana iya neman shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, haka ma wanda ya ci jarrabawar share fage ta IJMB wadda Jami'ar Ahmadu Bello take kula da ita.

Ba zan ɓoye ba, akwai dalilin da ya sa iyaye suke raina difloma. Mai babbar difloma da mai digiri ba a ɗora su a mataki ɗaya ba, a wurin aiki da wajen rajistar injiniyoyi. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zartar da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, amma gwamnatin lokacin ta sauka a 2023 ba a sa masa hannu ba. Duk da haka, tsakanin yaro ya shekara uku yana zaune a gida yana maimaita JAMB, zuciyarsa tana mutuwa, da ya shiga difloma ya riƙe kayan aiki ya gina Lissafinsa, ni na san wanda zan zaɓa wa ɗan'uwana.

Kammalawa

Abin da na gaya wa ɗan goggona ke nan a ranar, gaban mahaifiyarsa. Na ce masa da wuya ƙwarai ya sami Samaru da wannan maki, kuma ba zaluntarsa za a yi ba in bai samu ba, domin akwai waɗanda suka fi shi maki. Goggo ba ta ji daɗi ba, ta ce, "Kai dai ba ka son taimako." Yaron kuwa bai ce komai ba, sai da na tashi tafiya ya raka ni bakin titi, ya ce, "Yaya, in na yi diflomar, da gaske zan iya komawa jami'a?" Na ce masa da gaske ne, in ya dage. Ya karɓi shawarar.

Amma yana da ƙanwa, wadda take ƙaramar sakandare yanzu, kuma an ce ta fi shi Lissafi. Saura kaɗan a tambaye ta ko kimiyya za ta yi ko fasahar zube, kuma ranar da za a yanke rabonta ke nan, ba ranar JAMB ba. Saboda ita da ire-irenta nake kira ga iyaye su riƙa tambayar makaranta ko akwai malamin Fiziks kafin su tambayi launin rigar makaranta. Ina kira ga gwamnatin jiha ta mayar da hankali ga sakandaren kimiyya masu ɗaukar yara bisa jarrabawa, maza da mata. Ina kuma kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ta haɗa kai da takwarorinmu na kimiyya, a hutu mai zuwa mu ɗauki unguwa ɗaya, aji ɗaya, mu gwada bayanin Fiziks da Hausa na mako shida, mu rubuta abin da muka gani mu kawo wa malamanmu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In har harshen da muke alfahari da shi ya iya ɗaukar fiƙihu da falaki da hisabi a hannun malaman zaure shekaru aru-aru, ban ga abin da zai hana shi ɗaukar bayanin sifana da noti ba. Allah ya sa mu dace.